Dashen Itace Don Allah: Shin Kuɗin Tallafi Yana Ɓata Lada?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya rayar da ƙasa da ruwan sama, Ya sanya inuwa da abinci da magani a cikin itatuwa don amfanin bayinSa da dabbobinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata gardama da ke tashi duk lokacin da damina ta kama, tsakanin samari da ɗalibai da dattawan unguwa waɗanda suka ɗora wa kansu aikin dasa itatuwa da tsare su a Gusau da Tsafe da Bunguɗu da ƙauyukan da ke kewaye da su. Gardamar kuwa a kan kuɗi take. Wasu suna cewa tun da an ɗauki aikin nan don neman yardar Allah, bai kamata a cika takarda a miƙa wa wata hukuma ko wata ƙungiyar ƙasashen waje ana neman tallafi ba, domin da zarar kuɗi ya shigo ta ƙofa, ihlasi zai fita ta taga, aikin ya koma ƙwadago. Wasu kuma suna cewa wannan zancen wanda ya ƙoshi ne, gama iri ba kyauta ake samunsa ba, shinge ba kyauta ba, ruwa ba kyauta ba, saurayin da ya bar sana'arsa ya wuni yana haƙa rami kuma yana da uwa da ke jiran cefane. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, amma ba daidai suke da juna ba. Masu ƙin tallafi sun yi kuskure a hukunci, sun kuwa yi daidai a tsoro. Masu neman tallafi sun dace da hukunci, sai dai da yawansu ba su san nauyin abin da suke neman ɗauka ba.

Ya kamata a fara sanin wane kuɗi ake magana a kai. A shekarar 2007 ne shugabannin ƙasashen Afirka suka amince da shirin kafa wata ganuwa ta itatuwa tun daga Senegal har Jibuti don tare hamada, a 2015 kuma Nijeriya ta kafa hukuma ta musamman da doka don kula da rabonta na aikin a jihohi 11 da hamada ta fi yi wa barazana, Zamfara tana cikinsu. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da ba Nijeriya dala miliyan 700 don shirin da ake kira ACReSAL, na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja. Ban da waɗannan manya, akwai ƙananan tallafi da ake ba ƙungiyoyin al'umma kai tsaye, kamar wanda aka fara a 1992 ta hannun hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka san shi shekara da shekaru da ba da abin da bai wuce dala 50,000 ba ga aiki guda. Irin wannan ƙaramin rabo shi ne wanda ƙungiyar unguwa za ta iya sa rai da shi.

Wuraren da ake son tsarewa kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Akwai gandun dajin Kuyambana a ƙasar Ɗansadau, wanda ya haɗa iyaka da dajin Kamuku na Birnin Gwari. Akwai Dutsen Kwatarkwashi da duk matafiyi daga Gusau zuwa Tsafe yake gani, dutsen da aka sani tun kaka da kakanni da mikiyar da ke sheƙa a kansa. Akwai duwatsun Tsafe da dazuzzukan da ke bayansu, akwai kuma gaɓar Gulbin Sakkwato, wadda ruwa ke ci kowace shekara a inda aka sare itatuwan da ke riƙe ta. Amma gaskiya ɗaya ce: fiye da shekara goma ke nan manyan dazuzzukan jihar sun zama mafakar 'yan bindiga, ba ɗan makaranta mai ɗauke da iri ba, ko malamin daji ba ya iya ratsa su. Har kalmar sa-kai ma ta sake ma'ana a Zamfara, in aka ce 'yan sa-kai ba mai tuna masu shebur da garwa. Abin da ya rage wa masu aikin itace shi ne na kusa da gari, watau gindin dutse, da gaɓar gulbi, da maƙabarta, da filin Idi, da harabar makaranta, da bakin hanya. Nan ɗin kuma shi ne inda gatari ya fi yawa, domin mutanen da aka koro daga ƙauyukansu sun taru a garuruwa, tsadar rayuwa kuma tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ta mayar da gidaje da yawa ga itace da gawayi.

Asalin ruɗanin yana cikin kalma guda. Bahaushe yana kiran abin da ake biyan ɗan ƙwadago lada, yana kuma kiran sakamakon da Allah ke ba mai kyakkyawan aiki lada. Larabci ma bai raba su da nisa ba, domin ajru da ujura tushensu ɗaya. Saboda haka sai mutum ya ɗauka cewa lada biyun nan kamar kishiyoyi ne da ba sa kwana ɗaki ɗaya. Magabata ba haka suka fahimta ba. Buhari da Muslim sun kawo labarin Abdullahi ɗan Sa'adi, wanda aka sa shi aikin jama'a a zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi. Da aka ba shi haƙƙin aikinsa sai ya ƙi karɓa, yana ganin shi don Allah ya yi, ga shi kuma yana da abin hannunsa. Umar bai yaba masa a kan haka ba. Sai ya gaya masa cewa shi ma ya taɓa yin irin wannan a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka umurce shi da ya karɓi abin da ya zo masa ba tare da ya roƙa ko ya kwallafa rai ba, in ya so ya ci, in ya so ya yi sadaka, abin da bai zo ba kuma kada ya bi shi da zuciya.

Mai gardama zai ce, ai ga shi an ambaci rashin roƙo, alhali tallafin zamani sai an cika takarda, an bi ofis-ofis. Amsa ita ce akwai bambanci tsakanin mai nema don cikinsa da mai nema don aikin ya tashi. Aya ta 92 a Suratut Tauba ta ba da labarin wasu talakawan sahabbai a lokacin yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, waɗanda suka zo wurin Annabi suna neman a ba su abin hawa don su fita tare da jama'a. Ba a sami abin da za a ɗora su ba, suka juya suna zubar da hawaye don baƙin ciki. Alƙur'ani bai zarge su da kwaɗayi ba, ɗauke musu laifi ya yi. Niyya suna da ita, abin hawa ne babu. A wannan yaƙin ne kuma Sayyidina Usman ya buɗe taskarsa ya shirya runduna, ba wanda ya ce ladan wanda ya hau raƙumin Usman ya ragu. Ƙungiyar da ke neman baro da kurar ruwa da waya ta shinge, abin hawa take nema.

Malaman fiƙihu sun tsara wannan magana tsaf. Shihabuddini Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Misira wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya ware babi a littafinsa Alfuruƙ don bambanta ijara da abin da ake kira rizƙu. Ijara musaya ce, kamar ciniki: ga aiki, ga kuɗinsa, in ma'aikaci ya gama ya mutu ba a biya shi ba, magadansa za su bi kadinsa. Rizƙu kuwa taimako ne da ake ba mutum daga baitulmali don ya sami sukunin tsayuwa da wata maslaha ta jama'a. Ana iya ƙara shi, ana iya rage shi, ana iya yanke shi in maslahar ta sake, ba a kuwa gadonsa. Da wannan ne aka halatta wa alƙali ya karɓi abin da zai ciyar da iyalinsa daga baitulmali, alhali bai halatta a ɗauke shi haya don ya yanke hukunci ba. Tallafin da ake ba masu aikin sa-kai yana cikin kashi na biyu. Ba farashin guminsu ba ne, guzuri ne. Bahaushe ma ya daɗe da sanin wannan tun kafin ya karanta shi a littafi, domin mai gayya yakan dama fura ya kai gona, ya raba goro, ba a taɓa jin wanda ya sha furar gayya ya ce an biya shi ba, ba a kuma taɓa jin wanda ya ce furar ta hana shi ladan taimakon maƙwabci ba.

To, nawa ne guzuri? Shari'a ba ta bar shi ba ma'auni ba. Lokacin da Umar ya yi wakafin gonarsa ta Haibara, ya yarda mai kula da ita ya ci daga cikinta gwargwadon abin da aka saba, ya ciyar da aboki, amma kada ya mayar da ita hanyar tara dukiya. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta shimfiɗa irin wannan ma'auni ga mai riƙon dukiyar maraya, cewa mawadaci ya kame, mabukaci ya ci gwargwado. Saboda haka a cikin ƙungiya ɗaya ana iya samun mutum biyu masu hukunci daban. Ma'aikacin gwamnati mai albashi wanda ke fitowa ran Asabar, abin da ya fi masa shi ne ya bar kuɗin mota da na abinci ga aikin. Ɗan garuwa ko ɗan acaba wanda wunin da ya ba itace wuni ne da ya cire daga bakin 'ya'yansa, ya karɓa, ba kunya ba zunubi, kada kuma wanda ya ƙoshi ya riƙa yi masa kallon mai ƙarancin imani. Wanda kuwa za a ɗora wa gadi ko ban-ruwa kullum safe da yamma har wata bakwai, wannan ba gayya ba ce kuma, ijara ce sosai, a yanka masa lada sananne, a rubuta, a biya shi kan kari. Annabi Musa ya yi kiwo shekaru a Madyana bisa jinga, bai rage masa daraja ba. Abin da ba shi da kyau shi ne a kira mutum mai aikin Allah don a ƙi biyansa, alhali waɗanda suka kira shi hakan suna raba kuɗin zama a ɗakin taro.

Inda tsoron masu tsoro yake da gaskiya shi ne a abin da kuɗi ke yi wa zuciya a hankali, da abin da yake yi wa al'ada. Garin da ya saba fita gayya don yashe rijiya ko sharar maƙabarta, in aka biya shi sau biyu sau uku, karo na huɗu sai ya zauna yana jiran a zo da takardar sa hannu. Misalin da ya fi kusa yana ƙetaren iyaka, a ƙasar Maraɗi. Tun daga 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya fara jawo hankalin manoma ga cewa kututturan da ke cikin gonakinsu ba matattu ba ne, saiwarsu tana da rai, in aka zaɓi tofo mai ƙarfi aka sassabe sauran aka tsare shi, zai zama itace ba tare da dashe ko ban-ruwa ba. Mutanen wurin suna kiran dabarar sassabin zamani. Da yunwar 1984 ta zo, sai aka haɗa aikin da rabon abinci, wanda ya rena itace a gonarsa a ba shi hatsi. Aka rena itatuwa wajen 500,000. Da aka daina rabon, sai aka sa gatari aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Waɗancan hatsin suka yi wa aiki, ba itacen ba.

Amma labarin bai ƙare nan ba, shi ya sa ba zai zama hujjar masu ƙin tallafi ba. Waɗanda suka bar nasu suka ga itacen girki a ƙofar gida, suka ga harawa a rani, suka ga yadda gero ke yi a gindin gawo, suka ga iska ta daina binne shuka da rairayi. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, ba wanda ya ba su ko mudu ɗaya. Bayan shekara ashirin da ɗoriya, masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman ƙasashen Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Hatsin ya sayi lokacin da ido zai gani ne kawai. Abin da ya riƙe itacen bayan haka shi ne amfanin da manomi ya gani, da tabbacin da ya samu cewa itacen nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara ba don ya sari reshe a gonarsa. Saboda haka tambayar da kowace ƙungiya za ta yi wa kanta kafin ta miƙa takarda ita ce: ranar da kuɗin ya ƙare, wa zai fito? In amsar ita ce ba kowa, to, ba aikin sa-kai ba ne ake nema wa tallafi, kwangila ce aka sa wa rawani.

Daga nan sai maganar amana, wadda ta fi maganar ihlasi sauƙin ganewa, domin ihlasi yana cikin ƙirji, amana kuwa ana iya ƙidaya ta. Kowa ya san yadda ranar dashe take. A watan Yuli ko Agusta, ƙasa tana da danshi, a kafa rumfa, a raba riguna da huluna masu tambari, babban baƙo ya durƙusa ya sa iri a rami, a ɗauki hoto, a watse. Itace kuwa ba ranar dashe yake mutuwa ba. Ruwa yakan ɗauke a ƙasar Gusau wajen watan Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Mayu ko Yuni, tsakanin nan ga hunturu, ga zafin bazara, ga awaki da aka saki bayan kaka, ga gara. A watan Maris da Afrilu ake sanin ko an yi dashe ko an yi biki. Hadisin nan sananne da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Anas ya rataya sadakar mai dashe ga abin da tsuntsu ko mutum ko dabba za su ci daga abin da ya dasa, itacen da ya bushe yana ɗan wata shida kuwa ba abin da ya ci daga gare shi sai akuyar da ta kashe shi. Don haka rahoton da ya ƙidaya ramuka ya yi shiru a kan abin da ya rayu, alhali mai rubutawa ya san gaskiya, yana kusa da shaidar zur. Haka ƙara kuɗi a rasit, da cusa sunayen ƙanne da surukai cikin jerin ma'aikata, da karɓar ihisani daga mai sayar da iri. Annabi ya hau mumbari saboda wani mai karɓar zakka da ake kira Ibnul Lutbiyya, wanda ya dawo ya ware wani abu ya ce shi aka yi wa kyautarsa, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna da ba wanda zai kawo masa. Masu cewa kuɗin Turawa ne, ganima ce, su sani cewa dala miliyan 700 ɗin nan ba kyauta ba ce, rance ne, yaran da ke firamare yau suna cikin masu biyansa. Ko da kyauta ce ma, alkawari ba ya duban addinin wanda aka yi wa shi.

Akwai kuma wani haƙƙi da ɓangarorin biyu suka manta da shi, wanda ya fi duk abin da aka ambata nauyi, shi ne haƙƙin wanda za a hana shiga. Tsare daji ma'anarsa a ce da wani kada ka sara, kada ka yi kiwo, kada ka ɗiba. Wannan wani kuwa sau da yawa tsohuwa ce mai tsintar ƙirare, ko ɗan gudun hijira da ba shi da sana'a sai gawayi, ko makiyayi mai 'yan shanu goma. Musulunci ya san keɓe wuri, ana kiransa hima da Larabci, kusa da abin da Bahaushe ke kira hurumi. A zamanin jahiliyya manyan Larabawa sukan keɓe wa dabbobinsu makiyaya su hana kowa, har labarai suka nuna cewa yaƙin Basusa, wanda aka ce ya ɗauki shekara arba'in, ya tashi ne a kan taguwa ɗaya da ta shiga hurumin Kulaibu ya harbe ta. Musulunci ya soke irin wannan hurumi na son kai, ya bar na maslahar jama'a. Annabi ya keɓe Naƙi'u don dawakin Musulmi, Umar ya keɓe Rabaza. A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu an gindaya cewa shugaba ne ke keɓewa, sai da bukata, wurin ya kasance kaɗan, ba kuma inda wani ya gina ko ya shuka ba. Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi wa mutanen ƙasar nan littafi a kan hukuncin ƙasa, Ta'alimur Radi, ya kawo maganar hurumi a ciki.

Amma abin da ya fi dacewa a karanta wa kowane mai neman tallafi shi ne wasiyyar da Umar ya yi wa Hunayyu lokacin da ya sa shi gadin hurumi, tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Ya umurce shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya ce ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya tare dabbobin Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan, domin su in dabbobinsu suka mutu suna da gonaki da dabino, talaka kuwa in nasa suka mutu zai kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar shugaba yana kuka, barinsa ya ci ciyawa ya sha ruwa ya fi sauƙi da a biya shi zinariya da azurfa. Ya kuma yarda cewa ƙasar ta mutanen ce, ba don dabbobin da ake ɗora mayaƙa a kai ba da bai keɓe ko taƙi ɗaya ba. Mai karatu ya dubi yadda aka juya wannan wasiyya a zamanin nan. Motar katako da ta gawayi ta mai hali tana wucewa, ana kama mai ɗan dami a ka. Mutanen Zamfara ba sa bukatar a ba su labarin Basusa don su san ƙarshen irin wannan. Sun ga jinin da aka zubar a Bakolori a 1980 a kan gonakin da aka karɓa don aikin madatsar ruwa, sun kuma ga abin da cinye burtali da makiyaya da mashaya ya taimaka wajen haifarwa. Ƙungiyar da ta karɓi kuɗi ta kewaye gindin dutse da waya ba ta zauna da mai unguwa da arɗo da matan da ke itace a wurin ba, ba ta tanadar musu wata mafita ba, ko ta murhu mai cin itace kaɗan, ko ta ranakun da za a yanki ciyawa, ko ta ɗaukar su aikin gadin da kansu, tana iya samun yabon masu ba da tallafi, tana kuma tara addu'ar da Umar ya tsoratar da Hunayyu a kanta.

Game da karɓa daga wanda ba Musulmi ba, ba a bukatar dogon bayani. Annabi ya ari sulke daga Safwanu ɗan Umayya kafin yaƙin Hunainu, tun bai musulunta ba. Abin dubawa shi ne sharuɗɗan, gama kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In sharaɗin ya saɓa wa addini, a bari. In kuwa na tsare amana ne, kamar ajiye lissafi da yarda a zo a duba, wannan abu ne da ya kamata Musulmi ya riga kowa. Sai dai a yi ƙoƙari kada son cika adadi ya sa a cika gari da iri ɗaya don yana saurin girma, a bar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka da aduwa, waɗanda mata ke samun abin miya da na kasuwa daga gare su, waɗanda kuma don haka ne ba a rasa mai tsaronsu.

Tallafin waje yana da wa'adi, shekara ɗaya ko biyu ya ƙare, itace kuwa yana son wanda zai tsaya masa har ya fi ƙarfin akuya. A nan ne ake jin shirun masu hali na gida. Zakka ba ta shiga wannan aiki, domin an ƙayyade mata gida takwas, malaman Malikiyya ba su yarda a gina ko masallaci da ita ba. Wakafi kuwa ƙofarsa a buɗe take, jihar kuma tana da Hukumar Zakka da Wakafi tun zamanin da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau a 1999. Attajirin da ke da jerin shaguna a Tudun Wada ko a babbar kasuwa yana iya tsayar da guda ɗaya, a rubuta a gaban alƙali cewa kuɗin hayarsa na ban-ruwa da gadin itatuwan maƙabarta kaza ne ko gaɓar gulbi kaza, daga watan Nuwamba zuwa Mayu, mai kula ya ci gwargwado kamar yadda Umar ya gindaya a Haibara. A kuma sa a cikin takardar cewa kowace shekara, kafin ruwan farko ya sauka, liman da mai unguwa da mutum biyu daga cikin masu kiwo za su zaga su ƙidaya itatuwan da ke tsaye, a karanta adadin da abin da aka kashe a ƙofar masallaci bayan an sauko daga Jumma'a.